Na Cire Baffana Daga Jeri

Edita, sallama gare ka da duk masu karanta wannan mujalla. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, don haka a yi haƙuri da yadda maganar za ta zo. A lokacin da wannan abu ya faru, ni ne shugaban wata ƙungiyar 'yan ƙwadago a ƙauyenmu, kusa da Burumburum a ƙasar Tudun Wada. Ba ni na kafa ta ba. Mahaifina ne ya haɗa ta tun ina goye, shi da ƙaninsa da wasu abokansu. Da ya rasu aka ce ni zan riƙe, ba don na fi kowa ƙarfi ko hankali ba, sai don ni ne babban ɗansa. Aikinmu shi ne idan damina ta sauka mu ɗauki jingar noma a gonakin masu hali, masara ko dawa, mu nome, a sallame mu, mu raba daidai wa daida, babba da yaro. Ina da iyali, ina da babur ɗina, ana gaishe ni da mutunci. Ban taɓa tunanin akwai abin da zan iya lalatawa da hannuna ba.

Muna da wata al'ada a wurin aiki wadda na tashi na tarar. Idan muka shiga gona kowa yakan kama kunyarsa, mu tashi tare. Wanda ya riga kaiwa ƙarshe ba ya zama. Sai ya juyo ya shiga kunyar wanda aka bari a baya, daga can ƙarshenta, ya nomo har ya tarbe shi. Haka za a yi ta yi sai kowa ya fita, sannan a kama sababbi. Ba a magana a kai, ba a godiya, ba a ma kallon wanda aka tarba. Wanda aka fi tarba a cikinmu shi ne Baffa, ƙanin mahaifina. Ya manyanta, bayansa yana damunsa, 'ya'yansa duk mata ne kuma sun yi aure, shi ya sa bai ajiye fartanya ba. Amma in babu shi gona ba ta daɗi. Shi ne mai waƙa, shi ne mai tsokanar samari, yana cewa hannuwanmu na riƙe waya ne ba na riƙe ƙota ba, wai a zamaninsa sai ya nome kunya ya dawo ya tarar da tuwonsa bai huce ba.

Wasan da ya juya mini kai, a shagon wani abokina mai cajin waya a Tudun Wada na same shi. Da farko na ƙwallon ƙafa muke yi, irin wanda za ka zaɓi 'yan wasa a manhaja, abin da suka yi a fili ya zama makinka. Da kakar ƙwallon Turai ta ƙare muka rasa abin yi, sai ya nuna mini wani da ake kira besbol, wasan Amurkawa ne da ake jefa ƙwallo a doke ta da kulki. Na ce masa ni ban taɓa ganin ana yi ba. Ya yi dariya ya ce shi ma bai taɓa kallo daga farko har ƙarshe ba, wai ai ba kallo ake buƙata ba, lissafi ake buƙata. Daɗin wannan kuma, in ji shi, kullum ana buga shi, ba sai ka jira ƙarshen mako ba. Ya sa ni a wani guruf na waya da suke gasa a tsakaninsu. Wasu suna sa kuɗi, ni ma na sa a wasu lokuta, ina roƙon Allah ya yafe mini. Amma kada mai karatu ya zaci labarin asarar kuɗi zan ba shi. Da kuɗi ne da tuni na manta.

Ga yadda abin yake. Kowace rana za ka haɗa sabon jeri: mai jifa, da masu duka. Kowane ɗan wasa da farashinsa, kuma akwai iyakar da ba za ka wuce ba, saboda haka ba dama ka kwashe gwanaye duka. Sai ka nemo mai araha wanda yau ce ranarsa. Na koyi duba ko mai jifan da za a fuskanta bahago ne, in ɗauko masu dukan da suka saba cin bahagwai. Na koyi ɗaukar masu duka da ke bin juna a ƙungiya ɗaya, don idan ta yi musu kyau ta yi mini gaba ɗaya. Na koyi jira sai da yamma, bayan la'asar, lokacin da ake bayyana waɗanda za su buga, domin wani lokaci a hutar da mutum ba tare da sanarwa ba, ka tashi da sifiri. Har hasashen ruwan sama nake dubawa na garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, saboda idan aka yi ruwa ana ɗage wasa. Matata ta taɓa tambayata ko za a yi ruwa ta kwashe shanya, na ce mata ban sani ba, alhali a daidai lokacin na san inda hadari ya haɗu a Amurka.

Akwai wani mai duka da na ɗora wa rai, don ya taɓa ba ni maki mai yawa a farkon shigata. Na riƙa sa shi kullum ko da ba ya yin komai. 'Yan guruf suka sa ni gaba, wani ya tambaya ko surukina ne, wani ya ce a kai mini goron ɗaurin aurenmu. Abokina mai caji ya ja ni gefe ya ce in bar wannan ƙauyanci, a wannan wasa ba a soyayya da ɗan wasa, ba a duba abin da ya yi maka bara, abin da zai yi yau kawai ake dubawa. Na cire mutumin. A makon nan na hau saman guruf. Daga nan suka laƙaba mini Koci, wato mai horar da 'yan wasa, ana turo mini jeri in duba, har da masu digiri a cikinsu. Ni da ban gama sakandare ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga kaina sosai. Da na idar da sallar asuba waya nake fara ɗauka in ga makin jiya, sannan in saɓi fartanya.

A hankali sai na fara kallon mutanena da wannan idon. Muna cikin noma ina lissafi a zuci: wannan yana da sauri kuma ba ya ƙorafi, wannan ƙarfinsa na safe ne kawai, wannan kuwa ana ba shi kaso cikakke amma rabin aikinsa wasu ke yi. Abin da ya dame ni shi ne ba na iya sanin ainihin makin kowa, saboda tarbar nan da ake yi tana cakuɗa komai. A manhaja kowa da lambarsa a fili. A gona kuwa an rufe. Sai na ga kamar yaudara ce aka daɗe ana yi, kuma ni ne mai wayon da ya gano.

Ranar da na aikata abin, muna maimai ne a wata gonar masara a hanyar Tiga, mai dogayen kunyoyi. Kafin mu kama na ce yau ba wanda zai tarbi wani, duk wanda ya fita ya wuce gindin ɗorawa ya zauna. Aminina, wanda muka tashi tare kuma mahaifinsa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya dube ni ya ce Koci, wannan kuma daga wace unguwar Amurka aka aiko da shi? Aka yi dariya. Samarin suka ɗauka gasa ce, suka hau murna. Baffa ma ya tofa yawu a tafinsa ya ce madalla, yau za a san su wa aka haifa da damina. Muka tashi. Samari suka fita, muka bi bayansu, dattawa biyu suka iso suna haki. Muka zauna a inuwa. Sai ya rage Baffa shi kaɗai, bai ma wuce rabi da nisa ba.

Ban taɓa sanin gona tana da faɗi haka ba sai da na ga mutum ɗaya a tsakiyarta. Da farko yana waƙarsa. Can ya ɗago ya duba gabansa, inda ya saba ganin wani yana nomowa, bai ga kowa ba. Ya waiwayo ya gan mu a zaune. Waƙar ta tsaya. Hirar da ake yi a gindin ɗorawa ita ma ta mutu. Aminina ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa, na ce masa da ƙarfi duk wanda ya shiga kunyar nan kada ya fito gobe. Na faɗa ne yadda har Baffa zai ji, kuma ya ji. Aminina ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba, sannan ya jefar da fartanyar ya juya mana baya. Baffa ya ci gaba. Yakan yi 'yan sara ya dafa ƙugu, ya sake sunkuyawa. Muna kallo har ya fito. Ya zo ya ɗauki butar ruwa ya sha, ya goge bakinsa, ya ce mana sannunku da hutawa.

Da mai hankali ne ni, da a daren na je na durƙusa. Amma ni abin da na gani shi ne na samu lambar da nake nema. Washegari da aka taru a bakin masallaci inda muke haɗuwa, na riga na yi magana da wasu samari biyu daga wajen Kiru da suka zo cin damina. Baffa ya iso da fartanya a kafaɗa da 'yar ledar goronsa. Na ce masa Baffa yau ka huta. Kalmar da nake gani a manhaja ita na ɗauko na faɗa wa ƙanin ubana. Ya dubi baƙin samarin, ya dube ni, ya ce to Shugaba, Allah ya ba da sa'a. Bai taɓa kirana da wannan sunan ba, ɗana yake ce mini. Ya juya ya tafi. Gobe ma na ce ya huta. Jibi bai fito ba.

Innata ta aika aka kira ni. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta tambaye ni ko na san wanda ya riƙa tarbar mahaifina a daminarsa ta ƙarshe, lokacin da ciwo ya ci ƙarfinsa yana ɓoyewa. Ta tambaye ni ko na zaci ranar da aka fara kai ni gona ni kaɗai na fitar da kunyata. Na ce mata Inna zamani ya canza, yanzu komai da tsari ake yi, masu gona aiki suke so ba zumunci ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Daga ranar duk kwanon da matata ta kai mata sai ya dawo yadda aka kai shi. Ta ce ba za ta ci abin da aka cire daga bakin ƙanin mijinta ba. Na ce a raina fushin tsofaffi ne, zai wuce.

Na ci gaba da haɗa jerina biyu kullum, ɗaya da yamma a waya, ɗaya da safe a bakin masallaci. Wanda ya yi baya jiya, yau ya huta. Sauran dattawan ba su jira na hutar da su ba, suka daina fitowa. Aminina ya zo gida ya same ni, ya ce shi ba zai iya aiki a inda ake zama a kalli tsoho yana fama ba, ya ce in riƙe ƙungiyar in ci da ita. Na ce ya gaishe da gida. Na cike gurbinsu da baƙi, matasa masu jini a jika. Gaskiya aiki ya yi sauri. Har na yi alfahari a guruf, na ce ni ba a waya kaɗai nake koci ba. Abin da ban lura ba shi ne, tunda wanda ya riga fita shi ake ɗauka gobe, kowa gudu kawai yake yi. Ana sare masara, ana tura ƙasa a rufe ciyawa a wuce. Bayan ruwa ɗaya sai ciyawar ta ɗago kai. Wani dattijo da ya daɗe yana ba mahaifina aiki ya kira ni gonarsa ya nuna mini, ya ce shi bai san waɗannan fuskokin ba, ina mutanen da ya sani?

Ƙarshen abin ya zo a wata babbar gona ta wajen Doguwa, wadda na karɓi jingarta da alƙawarin gamawa kafin ciyawa ta danne masarar. Ranar da za mu fara na je bakin masallaci na tarar da mutum biyu kacal. Na kira babban cikin samarin Kiru a waya. Yana dariya ya ce Oga ka yi haƙuri, wani ya fi ka sakin hannu, can muka nufa. Na ce amma ai mun yi magana. Ya ce ai ni ma kullum sabon zaɓe nake yi, to yau su ma sun yi nasu. Ya kashe wayar. Muka je mu uku muka yi abin da za mu iya, ba mu ci ko gefe ɗaya ba. Mai gonar ya jira ni ya gaji, ya karɓe aikin ya ba aminina, wanda ashe ya tattara tsofaffin mutanenmu sun ci gaba a tsakaninsu. Sauran masu gonaki ma can suka koma. Ba wanda ya yi faɗa da ni. Kawai na wayi gari ba ni da kowa da zan zaɓa.

Duk da haka ban karaya ba sai wata safiya da na bi ta bayan gari a kan babur. Baffa yana da 'yar gonarsa a can, wadda da mukan taru mu nome masa cikin wuni guda. Na hango shi daga nesa yana noma shi kaɗai. Da ya ji ƙarar babur sai ya miƙe da sauri, ya saki fartanyar a ƙasa, ya tsaya yana taɓa ganyen dawa kamar mai duba ta kawai. Bai san ni ne ba. Duk wanda zai wuce haka yake yi, don kada a ga yadda yake noma. Mutumin da ke cika gona da waƙa, yanzu ɓuya yake yi da fartanyarsa. Na wuce ban tsaya ba, domin ban san da wace fuska zan tsaya ba. Na je gaba na kashe babur na zauna a bakin hanya. A ranar na goge manhajar na fita daga guruf. Ba wanda ya neme ni. Daga baya na ji wani suke kira Koci.

Na je gidan Baffa bayan la'asar, na cire takalmi na durƙusa a zaure. Na faɗi duk abin da na yi, ban rage ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yafe mini duniya da lahira, in tashi, ƙasa da sanyi. Na ce to Baffa ka koma cikin mutanenka, ko ba da ni ba, na san aminina ya yi ta zuwa yana roƙonka. Ya murza goro a hannunsa. Sannan ya ce ba fushi ne ya hana shi ba. Ya ce da can idan ya ga wani ya shigo kunyarsa, yakan ɗauka haka aikinmu yake, yau kai gobe wani. Ya san ya rage sauri, amma bai san ya kai haka ba, sai ranar da ya ɗago ya ga tsawon abin da ya rage masa. Ya ce yanzu duk wanda ya nomo ya tarbe shi, ya san sadaka ake ba shi, kuma shi ba zai iya miƙa hannu ya karɓi kaso daidai da yaron da ya yi masa rabin aiki ba. Ya ce abin da ido ya gani ba a mayar da shi. Na yi ta magiya. Ya ce in gaishe da Innata, in ce mata ta ci abinci.

Inna ta koma cin abincin gidana, amma har yau ba ta sakin fuska da ni kamar da. Ƙungiyar tana nan a hannun aminina, suna tarbar juna yadda aka saba. Bai ce in dawo ba, ni ma ban da bakin tambaya. Ina bin wasu 'yan ƙwadago a Tudun Wada, inda ba a san ni ba. Baffa bai sake fita jinga ba. Yana zama a ƙofar gida yana tufkar igiya, ya rame, ba ya tsokanar kowa. Ina kai masa abin da ya sawwaƙa, yana karɓa ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Wannan godiyar ta fi mini zagi ciwo.

Abin da na fahimta, a makare, shi ne iyayenmu ba rashin iya lissafi ne ya sa suka ƙi auna juna ba. Sun san mai sauri, sun san mai nawa. Da gangan suka rufe, domin kowa ya ci abincinsa da mutuncinsa, har ranar da zai ajiye fartanya da kansa. Ni na zo na buɗe, saboda wasu mutane a waya suna kirana Koci. 'Yan wasan da nake cirewa a manhaja ba su san ina duniya ba, ba abin da ya rage su. Wanda na cire a bakin masallaci kuwa da ƙafarsa ya koma gida, a gaban yaran da ya koya wa riƙon ƙota.

Ina kira ga 'yan'uwana matasa masu irin wannan wasa, na besbol ne ko na ƙwallon ƙafa. Kowa yana yi muku gargaɗi a kan kuɗi da haramcin caca, kuma gaskiya ne. Ni gargaɗina daban ne. Abin da kake yi kullum safe da yamma ba ya tsayawa a cikin waya, yana bin ka har gida, ya koya maka kallon mutane. Idan ka fara jin kana yi wa na kusa da kai farashi, kana tambayar me ya kawo jiya, ka ajiye wayar nan tun kafin bakinka ya furta. Ni an yafe mini, amma yafiyar ba ta mayar da Baffa gona ba. Damina ta sake zagayowa, ana ta noma a ko'ina, shi kuwa yana zaune. Ni na zaunar da shi.